Dannannen ulu irin na hular dara: zai yiwu da gashin tumakinmu, ya maye mana gurbin fatar roba?

Ɗan Dukawa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni baduku ne a cikin birnin Kano, gadon gida ne, takalma nake yi da jakunkuna da tumtum. Duk wanda ke harkar nan ya san halin da muke ciki da fata. Mai kyan ba ta isowa hannunmu, manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa ke kwashewa su fitar waje, ta shanu kuwa masu ganda sun riga mu. Abin da ya rage, ka ji kuɗinsa ka yi shiru. Shi ya sa yawancinmu muka koma fatar roba da ake yankowa yadi-yadi. Ni dai ina aiki da ita ne ba don raina ya so ba. Jaka za ta yi kyau a rataye a shago, ta sha ranar bazara guda, sai fuskarta ta fara ɓarewa tana zuba, mai ita ta dawo tana yi maka kallon macuci.

Kwanakin baya wata Hajiya da nake yi wa aiki ta aiko da jakar da ɗanta ya sayo mata a Turkiyya, in sake mata hannu. Hannun na fata ne, shi ya gaji ya tsinke. Jikin jakar kuwa ko gezau, alhali ta ce ta daɗe tana wahalar da ita. Na juya ta ciki da waje. Ba fata ba ce, ba roba ba ce, ba kuma yadi ba ne, don babu saƙa a jikinta sam, ba zaren tsaye ba na kwance. Kaurinta ya kai rabin santimita. Inda aka yanka, bakin bai zare ba, ko kalmasa ba a yi masa ba. Na soka basilla ta shiga ba gardama, ɗinkin kuma ya zauna daram. Na tsinci ɗan ɓurɓushi daga ciki na sa masa ashana, sai ƙaurin babbaka ya tashi. Nan na gane gashin dabba ne aka danne, dangin abin da ake yin hular dara da shi, sai dai wannan ya fi kauri da tauri.

To ga tambayata ga masana. Yaya ake yi gashi ya kama juna haka, ba gam ba zare? Aikin hannu ne ko sai da inji? Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma: tumaki ai muna da su. Bayan Babbar Sallah ka je majema ka ga gashin da ake kankarewa ana zubarwa tsibi-tsibi. In abin nan zai yiwu da gashin Balami ko Uda, to dukiya muke kai wa bola. Sannan in an yi shi, zai jure zafinmu da damina da asu? Ba na son in zuba ɗan jarina a kan abin da zai ba ni kunya gaban masu sayen kayana.

Mai Huluna ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni huluna nake sayarwa, dara kuma na cikin kayan da na tarar a rumfar mahaifina, bari in faɗi abin da na sani ta wannan gefe.

Darar asali ta Tunis ce, kuma da saƙa ake fara ta. Mata ne ke saƙa ta da farin zaren ulu, ƙatuwar hula sakwa-sakwa wadda in ka sa za ta rufe maka fuska. Daga nan a kai ta wani gari da ake kira El Battan a bakin kogin Majarda, a yi ta dukanta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta dawo daidai kai, idon saƙar ya ɓace gaba ɗaya. Sai a taje ta da busasshen kan wata ƙaya don gashin ya taso, a rina ta ja, a fitar mata da siffa. Musulmin Andalus da aka koro daga Sifen a farkon ƙarni na 17 su suka haɓaka sana'ar a can, kuma tun zamanin ayarin raƙuma take ƙetaro Sahara zuwa kasuwar Kurmi. Yanzu akwai masu zuwa daga ƙasar Czech, su ma na ulu ne, sai kuma na arha da suka cika gari, waɗanda roba ta fi yawa a cikinsu.

Ƙarko kam akwai. Akwai dattijon da ke kawo mini tasa in goge masa, ya ce tun aurensa na fari yake sa ta, ga shi yau da jikoki. Zufa ba ta kashe ta, rana ba ta fasa ta, sai dai launi ya ɗan koɗe. Maƙiyanta biyu ne: asu, da uwargida in ta tausaya maka ta jiƙa ta a ruwan zafi ta cuɗa, ka dawo ka tarar ta koma ta ɗan yaye.

Amma lura da abu ɗaya. Su kansu 'yan Tunis, ulun da suke yin mai kyan da shi daga waje suke sayo shi, irin na tumakin Merino. Wannan ya sa nake shakkar maganar Balami.

Ɗalibin Konya ya rubuta:

Malam Ɗan Dukawa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni karatu nake yi a Konya, kuma garin nan na cikin 'yan wuraren da wannan aiki bai mutu ba a Turkiyya, tare da Tire da Afyon da Urfa. A nan ake yin doguwar hular nan mai ruwan ƙasa ta mabiya ɗariƙar Maulana Rumi masu juyi. Akwai wani tsoho da nakan zauna a shagonsa in ba ni da lacca, har yakan bar ni in sa ƙafa. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Da farko wanki. Ulu yadda aka aske shi daga jikin tunkiya cike yake da maiƙo da ƙasa da kashi da ƙaya. In ka wanke kilo goma, kada ka yi mamaki in shida ko ma biyar suka rage maka, wanda zai sayi ɗanye ya sa wannan a lissafinsa. Bayan ya bushe sai shiɓa. Yanzu inji ke yi, amma tsohon yana da bakan shiɓa rataye a bango, irin dai wanda kakanninmu mata ke shiɓar auduga da shi, sai dai nasu ƙato ne, da gudumar katako ake kaɗa tsirkiyar.

Sai a shimfiɗa asabari a ƙasa, a yi ta barbaɗa shiɓaɓɓen ulun a kai, hawa-hawa. Hawa na farko gashin ya kwanta gabas da yamma, na biyu kudu da arewa, haka har tudun ya kai taƙi guda ko fiye in kauri ake so. Nan gwanintar take. Inda hannunka ya yi rowa, nan zai huje daga baya, kuma da wuya ya gyaru. A yayyafa ruwan ɗumi mai sabulu da tsintsiya, ba a jiƙa shi sharkaf ba, a naɗe asabarin tam a ɗaure da igiya. Daga nan sai taku: mutum biyu ko uku su jeru suna tura naɗin da ƙafa suna dukansa, su kai shi bango su dawo da shi. Yawancin shaguna yanzu suna da injin da ke yin wannan dukan. A kwance, a gyara bakuna, a sake naɗewa ta ɗaya gefen, a koma.

Abin da ke fitowa a nan ya kama juna, za ka iya ɗaga shi, amma ɗanye ne. Masu koya a bidiyo a nan suke tsayawa, shi ya sa kayansu ke yin gashi-gashi su saki cikin 'yan watanni. Aikin da ke kawo ƙarko shi ne na biyu: ruwa mai zafi sosai, sabulu, da murza da damtse da gwiwa ba sassauci. A Urfa cikin gidan wanka mai tururi ake yin wannan, ƙarti ba riga suna dukan naɗin da ƙirji. Ana yi yana tsukewa yana ƙara tauri, har ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa da faɗinsa. Tsohon yakan sa yatsu biyu ya mintsini fuskar. In gashi ya biyo yatsunsa, sai ya ce a koma, ko da kuwa bayanka ya riƙe.

Dalilin kamawar, wani abokina da ke karanta ilimin masaƙu ne ya nuna mini a na'urar ƙara girma. Kowane silin ulu jikinsa da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi: ka shafa daga kai zuwa wutsiya sumul, ka shafo baya ya kama hannunka. Ruwan ɗumi da sabulu na sa silin ya kumbura, ɓawon ya ɗaga baki, ya kuma yi santsi. In ana murzawa, kowane sili wajen saiwarsa kawai yake iya zamewa, ba ya komowa. Ga shi kuma a lanƙwashe yake. Miliyoyinsu na kutsawa cikin juna ba mai ja da baya, ƙarshe su sarƙe sarƙewar da ba ta warwaruwa. Auduga ba ta da wannan ɓawo, zaren roba ma haka, ko shekara za ka yi kana murza su ba za su kama ba.

Maganar ƙarko, makiyayan Anatoliya suna da wata riga da ake kira kepenek, dannannen ulu guda ɗaya, ba ɗinki ba hannu, mai faɗin kafaɗa. A cikinta suke tsayuwa a ruwan sama, a cikinta suke kwana a kan dutse. A kaburburan Pazyryk kuma, can tsaunukan Altai a Siberiya, waɗanda aka tona a ƙarshen shekarun 1940, an fito da shimfiɗu da kayan sirdi na irin wannan abu da suka haura shekara 2,000, suna gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Gaskiya ƙanƙara ce ta adana su, kada wani ya ce na ce jaka za ta yi shekara dubu biyu a Fagge.

Ra'ayina, Malam: fatar roba zai iya gada, fatar gaske kuwa ba zai gaje ta ba. Ba ya ɓarewa, don ba shi da wata fuska da aka liƙa masa, cikinsa da wajensa abu ɗaya ne. Rana ba ta busar da shi ya tsage. Wuta ba ta saurin kama shi, kuma ba ya narkewa. Amma ba ya son gogayya da ƙasa, musamman a jiƙe, kuma inda nauyi ya taru wuri ɗaya, irin gindin hannun jaka, yana miƙewa. Rashawa ma da ke yin takalmin sanyi da shi, valenki, da ƙanƙara ta fara narkewa sai sun ɗora masa na roba a waje. Don haka jiki na ulu, tafi da hannu da kusurwoyi na fata. Fatar da a da jaka ɗaya za ta cinye sai ta ishi uku ko huɗu.

Ana kuma iya yin jaka ko takalmi ba ɗinki. Ka yanka leda mai kauri a siffar abin, ka ƙara mata girma saboda tsukewa, ka lulluɓe ta da ulu gaba da baya. In ya kama ka yanka baki ka zare ledar, ka ƙarasa murzawa a kan ƙafar katakon da kuke ɗora takalmi.

Maganar gashin tumakinmu na bar wa masu ita.

Uwar Biyu ta rubuta:

Sannunku da hira. Ni saƙar kayan jarirai nake yi, bari in tare ka kafin ka je kasuwa a yi maka sakiyar da ba ruwa. Zaren nan da muke saya ƙulli-ƙulli muna ce masa ulu, kusan duk roba ne. Sa masa wuta ka gani: narkewa yake ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Na gaske yana ƙauri ya mutu da kansa, ka murza ya zama toka. Ko ka jefa ɗan guntu a bilicin wanki ka bar shi, na gaske zai narke ya ɓace, na roba yana nan.

Ulu na gaske mai arha a Kano yana cikin dilar gwanjo. Je Ƙofar Wambai bayan hunturu ya wuce, lokacin da masu rigunan sanyi ke neman kai da su. Duba takardar wuya, ka nemi wadda aka rubuta ulu ɗari bisa ɗari ko mai tambarin Woolmark. Wadda aka ce ana iya wanke ta a inji ka bar ta, an riga an yi mata maganin da ke hana ta kamawa. Ka zuba mata ruwan zafi da sabulu ka yi ta cuɗa, ka tsoma a ruwan sanyi, ka mayar a na zafi. Rigar ƙato za ta dawo ta yaro, ta yi kauri, ka sa almakashi ba ta warwarewa. Ni da ita nake yin takalman jarirai da abin sauke tukunya.

Asu kuwa datti da zufa yake bi, da duhu. Ka ajiye kayan a wanke, a bushe, da kafur, ka riƙa shanya su a rana. Da damina ka ƙulle su a leda.

Malamin Dabbobi, Yamai, ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ma'aikacin kiwo ne a nan Nijar, na yi aiki a jihar Tillaberi kafin a maido ni Yamai. Malam baduku, ka yi haƙuri da amsar da zan ba ka. Balami da Uda da 'Yanƙasa, har da Ara-ara ta Azbinawa, duk tumakin gashi ne, ba na ulu ba. Allah ya yi su don zafi. Gashinsu gajere ne, miƙaƙƙe, mai kauri, cikinsa da rami, yana zuba da kansa, shi ya sa ba mu san askin tunkiya ba a ƙasar Hausa. Silin Merino kaurinsa bai kai maikiron 25 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), gashin namu ya ninka haka. Ɓawon da ɗalibinmu ya faɗa yana da shi, amma silin ya yi tauri da yawa, ba ya lanƙwasa ya shiga cikin ɗan'uwansa. Rini ma ba ya kama shi da kyau.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ɗebi cikin tafi ɗaya, ka jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ka yi ta mulmulawa minti goma. Ulu zai dunƙule ya yi tauri. Gashi zai watse ya manne maka a yatsu.

An taɓa ƙoƙarin gyara wannan. A shekarun 1960 an yi wani shiri a Katsina na haɗa Merino da tumakin gida don a samu ulu. Yau ka zaga kasuwar Mai'aduwa ka ga ko za ka sami tunkiya guda mai ulu. Ulu a jiki cikin zafin nan da ƙarangiya azaba ce ga dabba, makiyayi kuma girman rago yake nema don layya.

Tunkiyar ulu a wannan yanki ita ce ta Masina, a fadamun kogin Isa, wato kogin Neja, wajen Mopti a Mali, da 'yar'uwarta ta Nijar da muke kira Kundum, a tsibirai da gaɓar kogi daga wajen Ayoru zuwa kusa da Yamai. Da ulun ta Masina ne masaƙan Fulani, Maabuuɓe, ke saƙa bargon nan kaasa. Ƙarama ce, ulunta mai kaushi gauraye da gashi, abin da ake samu a jikin guda a shekara bai kai kilo ɗaya ba. Tamu tana ma ƙarewa, don masu ita na haɗa ta da manyan raguna saboda kasuwa. Wannan ulu zai yi shimfiɗa ko abin sa wa doki ƙarƙashin sirdi, ba zai yi jakar Hajiya ba. Ga hanyar yankin ba ta da lafiya yanzu, ba zan ce ka taso ba.

Gashin majema kuwa ya riga ya sha toka ko farar ƙasa, ya yi rauni. Abin da ake iya yi da irinsa shi ne a bi da shi ta injin allurai, dubban allurai masu ƙaya suna sokawa suna tura sili cikin sili a bushe, ba ruwa ba sabulu. Turawa sun daɗe suna yin shimfiɗar ƙarƙashin kafet da gashin shanu. Amma wannan aikin masana'anta ne, kuma abin da zai fito na cushe ne, akumari ko cikin tumtum.

Gargaɗi ɗaya, don aikina ne: kada ka taɓa gashi ko fatar dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai. Ƙwayar cutar saifa tana zama a gashi shekara da shekaru, ana shaƙarta da ƙura. Ko a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja.

Magini a Bradford ya rubuta:

Likita ya faɗi gaskiya. A garin nan da nake zaune, a ƙarni na 19 wannan cuta ta kashe masu tsince ulu a masana'antu har aka laƙaba mata sunan sana'arsu.

Ni aikin gini nake yi, kuma abin da zai ba ku mamaki, a Ingila ulu mai kaushi ya zama kaya. Sau da yawa abin da manomi ke biyan mai aski ya fi abin da ulun tunkiyar zai kawo masa, ga shi dole a aske ta duk shekara don lafiyarta. A 2020 lokacin korona wasu ƙona nasu suka yi, wasu suka zuba a taki. Hukumar da ke tara ulun manoma ta sayar, British Wool, a garin nan hedikwatarta take, tun 1950 aka kafa ta. New Zealand da ke da tumaki miliyan 70 a 1982, yau nata ba su kai miliyan 25 ba. Kafet ɗin roba ya karya musu kasuwa. Shi ya sa suka duƙufa neman inda ulu zai kori roba. Ana naɗe magani da abinci mai sanyi da shi maimakon farin soson nan. Wani kamfani, Solidwool, yana haɗa ulun tumakin Herdwick da wani irin danƙo ya ƙera kujeru masu tauri. Ana ma curar shi ƙanana-ƙanana a zuba a gona, yana riƙe ruwa yana ruɓewa ya zama taki.

Wanda na taɓa da hannuna shi ne na rufin gida. Yana tare zafi da sanyi daidai da audugar gilashin da muka saba sa wa, ba ya kuma sa ƙaiƙayi. Yana shan damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, in iska ta bushe ya sake shi. Amma ya fi tsada, kuma in ba a yi masa maganin asu da kyau ba, masifa ce. Na ga gidan da sai da aka ɓalle silin ɗakunan gaba ɗaya aka kwashe shi. Don haka masu tunanin sa shi ƙarƙashin kwano a gida, ni ban ba da shawara ba tukuna.

Kai dai, Malam baduku, dubi Nepal. Silifa da jakunkuna da ƙwallayen ado na dannannen ulu da ke shagunan nan, da yawansu daga Kathmandu suke, ulun kuma daga New Zealand suke sayo shi. Nasu hannu ne da sabulu da ruwan zafi. In su sun iya, ban ga abin da zai hana garin da ke da dukawa da marina da mabuga ba. Kuma kada ka nemi Merino mai tsada, na gyale ne da kayan jiki. Matsakaici, wajen maikiron 27 zuwa 30, shi ya fi yin tauri a jaka da takalmi.

Ɗan Dukawa ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, na yi gwajinka da gashin wani Balami na maƙwabcina, maganarka ce, ko alamar dunƙulewa bai yi ba. Na cire rai da wannan.

Hajiya Uwar Biyu, taki ce daidai aljihuna. Na samo rigunan, na dafa ruwa, yaran shago suna ta yi mini dariya wai baduku ya koma wanki da guga. Wata ruwan toka ta kama sosai, na yanka shimfiɗar cikin takalmi da ita, ina sanye da shi yanzu haka in ji yadda zai yi da zufa. Sai dai kaurinta bai kai rabin na jakar Turkiyya ba, ba za ta tsaya da kanta ba sai na yi mata shafi.

Ɗalibinmu, saura abu uku. Gam ɗin da muke liƙa tafi da shi zai kama? In na samu fari, zan iya kai shi Ƙofar Mata a tsoma a baba? Sannan in na kai wa mabuga, bugu zai ƙara masa tauri? Ka kuma tambayo mini kuɗin kilo ɗaya na shiɓaɓɓe.

Ɗalibin Konya ya rubuta:

Malam, gam ulu na shanye shi, wurin ya bushe ya ƙage. Ka shafa kaɗan don ya riƙe maka kafin ɗinki, ɗinkin ne abin dogaro. Zare mai kakin zuma, taku mai faɗi, ka bar aƙalla rabin santimita daga baki, in wurin ɗaukar nauyi ne ka sa fata ciki da waje ka ɗinke su tare.

Baba na kama ulu da kyau, amma abokina ya ce ruwan karofi na da toka, kaifinta na cin ulu in ya daɗe a ciki. A tsoma a cire da sauri, a maimaita, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa lemon tsami. Ya fi kyau ma a rina ulun kafin a danne shi, don mai kauri rini ba ya ratsa tsakiyarsa, ka yanka ka ga fari.

Bugu zai yi amfani in yana jiƙe da zafinsa da sabulu, don tsohon ma yana da gudumar da yake bin bakuna da ita. A bushe kuwa baje shi kawai za a yi. Kuɗin kilo zan tambaya ranar Asabar in turo maka ta saƙo, tare da kuɗin kago zuwa Kano, don ina jin shi zai fi ulun tsada.